Kampinka ta sake cinye mani kuɗi

Wallahi na gaji da wannan tsohuwar kampinka tawa, wato motar da ake kwana a cikinta in an yi tahiya, Peugeot J5 ce irin waɗanda Turawa suka riƙa shigowa da su ta Assamaka da Arlit a shekarun 1980 su saida su koma gida ta jirgi. Na saye ta ne don in riƙa ɗaukar iyali mu je bakin tabkin Tabalak mu kwana biyu, yanzu ta hi daɗewa a garaji bisa ga ƙofar gidana nan Tawa.

Radiyatar ce ke ɗigo. Na kai ma makanike, ya leƙa ya ce "Alhaji wannan ƙaramin aiki ne", ya amshi jikka goma, ashe sabulu yaronshi ya murtsuka ya liƙe ramin! Ko kilomita ashirin ban yi ba allura ta hau ja, tururi na tashi kamar tukunyar dambu, yara na kuka, uwargida ta yi shiru irin shirun nan da ya hi faɗa ciwo.

Firjin kuma nata halin daban, da gaz take aiki amma in motar ba ta tsaya daidai ba sam ba ta sanyi, ga zahin watan Afrilu, ruwa sai ka ce na shayi.

Kayan gyara ko sai an aika Yamai an tona cikin tsohon ƙarhe, sati biyu kenan ina jira, kullum na kira sai a ce gobe in sha Allah.