Wasanni 41 na Gift Ngoepe da rowar masu kuɗin MLB

Hukumar babbar gasar besbol ta Amurka, MLB, ta rage ƙananan ƙungiyoyin da ake renon 'yan wasa a cikinsu daga 160 zuwa 120 a shekarar 2021, sannan daga 2024 ta hana kowace babbar ƙungiya riƙe fiye da 'yan wasa 165 a ƙananan rukunanta na cikin gida. Masu kare matakin suna cewa an yi ne don inganta albashi da filaye, sai ka ce attajiran da suka mallaki ƙungiyoyin ba za su iya biyan albashin ba sai an rufe wa wasu ƙofa.

Duk wanda ya san tarihin Gift Ngoepe ya san irin mutumin da wannan tsari zai fara kora. An haife shi a Afirka ta Kudu a 1990, ya tashi a wani ɗan ɗaki da ke jikin ginin ƙungiyar besbol ta Randburg Mets, inda mahaifiyarsa take aikin shara da girki. Pittsburgh Pirates, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin MLB, ta ɗauke shi a 2008, ya shafe kusan shekara tara yana tsaron cikin fili a ƙananan rukunai, kowa na yaba hannunsa wajen cafke ƙwallo, kowa kuma na kukan raunin bugunsa. Sai ranar 26 ga Afrilun 2017 ya shiga babbar gasar, ya zama ɗan wasa na farko haifaffen nahiyar Afirka da ya kai wannan matsayi, kuma a bugunsa na farko ya ci galabar Jon Lester, mai jefa ƙwallo na ƙungiyar Chicago Cubs.

Wasanni 28 ya buga wa Pirates, ya ƙara 13 a Toronto Blue Jays a 2018, daga nan labarinsa a babbar gasar ya ƙare. Masu bautar alƙaluma za su ce shekara tara a kan wasanni 41 asara ce. Wannan lissafin 'yan kasuwa ne, domin yaron da ya taso a ƙasar da ƙwallon ƙafa da rugbi da kurket suka mamaye ba zai nuna da wuri kamar ɗan Jamhuriyar Dominika, inda besbol ya kafu, ba, kuma manajan da aka ƙayyade masa gurbi ba zai jira shi shekara tara ba.

Idan da gaske MLB take yi da ta ce tana son faɗaɗa wasan a duniya, to ta cire 'yan wasan ƙasashen da besbol bai kafu ba daga cikin adadin nan na 165, ta kuma buɗe makarantar horo ta dindindin a Afirka, tunda shi kansa Ngoepe sai da ya je sansanin horo a Italiya kafin Pirates ta ɗauke shi.