Nasiha ga matasanmu masu kula da shafukan intanet a Saudiyya

Assalamu alaikum, ƙannena da abokan sana'a. A 'yan shekarun nan matasan Hausawa da dama mazauna Makka da Jidda da Madina sun rungumi sana'ar gina shafukan intanet, wasu ga shagunan dabino da turare, wasu ga masu hidimar 'yan Umara, kuma galibinsu da WordPress, wata manhajar gina shafuka, suke aiki. Abin da yake damuna shi ne yadda ake riƙon waɗannan shafuka idan sabon zubin manhaja ya fito.

Ɓarnar tana farawa ne tun ranar gini. Mai shago zai ce yana son kwanan wata ya fito da lissafin Hijira, ko rubutun Larabci ya zauna daidai daga dama zuwa hagu, sai mai gini ya buɗe ainihin fayilolin manhajar ko na jigon da aka saya, wato tsarin kamannin shafin, ya yi gyaransa a ciki, bai rubuta abin da ya taɓa a ko'ina ba. Ranar da aka sabunta, sababbin fayiloli su hau kan tsofaffi, aikin nan duka ya shafe. Wannan daidai yake da ɗan haya da ya gina akwatin kayansa cikin bangon mai gida, alhali ya san za a rushe bangon a sake shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne matakin da wasunku suke ɗauka bayan sun sha wannan wahala, wato su kashe sabuntawa baki ɗaya. Yawancin ƙananan sabuntawa ƙofofin ɓarayi suke toshewa. A watan Oktoba na 2014, da aka sanar da wata babbar kafa a Drupal, wata manhajar gina shafuka irin WordPress, cikin sa'o'i kaɗan masu kutse suka far wa shafukan da ba a gyara ba. Shafin da ke ɗauke da sunayen mutane da lambobin fasfonsu amana ne a wuyanku, ba ya halatta a bar shi a buɗe don gudun aiki. Ga shi kuma dokokin ƙasar nan suna canzawa, dole shafin shago ya bi su: harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a Yulin 2020, rasit na na'ura kuma ya zama wajibi a Disambar 2021.

Mafita ita ce ku raba gyaranku da fayilolin manhaja. Gyaran kamannin shafi ya shiga ƙaramin jigo wanda yake gadon babban, gyaran aiki kuma ku yi masa ƙaramar manhajarsa daban. Idan da hannu kuke sabuntawa, manyan jakunkunan fayilolin manhajar, wp-admin da wp-includes, ake maye gurbinsu, amma fayil ɗin saitin shafi, wp-config.php, da abin da kuka zuba a jakar wp-content ku kiyaye su. Ku koyi manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, domin tana riƙe tarihin kowane layi da aka canza.

Wanda kuwa ya gaji shafi daga wani bai san abin da aka taɓa ba, kada ya yi gaggawa. Ya sauko da tsabtataccen kwafi na zubin da shafin yake kai, ya kwatanta shi da fayilolin shafin ta hanyar diff, manhajar da ke nuna bambancin fayiloli, duk bambancin da ya fito gyaran wani ne, sai ya duba ko har yanzu ana bukatarsa kafin ya mayar da shi wurin da ya dace.

Kafin komai ku ajiye kwafin fayiloli da na rumbun bayanai, ku kuma gwada mayar da shi, domin ajiyar da ba a gwada ba ba abin dogaro ba ce. Ku fara sabuntawa a kan kwafin gwaji, ku duba biyan kuɗi da katin banki na mada, da Larabcin, da haruffanmu masu lanƙwasa. Babbar sabuntawa ku yi ta kafin cunkoson Ramadan ko na Hajji. Sannan ku rubuta jerin gyare-gyarenku ku ba mai shago, domin wataƙila ku canza aiki ko ku koma gida, wanda zai karɓa ya san inda zai sa hannu.