Calais: Ƙungiyar da daren ɗaukaka ɗaya ya fi ƙarfinta

A daren 7 ga Mayun 2000, a filin wasa na Stade de France da ke bakin birnin Paris, kyaftin ɗin Nantes, mai tsaron raga Mickaël Landreau, ya kira kyaftin ɗin ƙungiyar da suka doke, Réginald Becque, ya hau da shi inda ake miƙa kofi, suka kama Kofin Faransa kowa da hannu ɗaya suka ɗaga a gaban 'yan kallo sama da 78,000. Ƙungiyar Becque ita ce Calais, ta 'yan dagaji daga rukuni na huɗu, kuma kafin wannan rana ba a taɓa ganin ƙungiya daga wannan mataki ta kai wasan ƙarshe na gasar ba. Shekara 17 bayan haka kotu ta rufe ƙungiyar saboda bashi. Masu son ƙwallo sun fi riƙe hoton ɗaga kofin, amma a ganina abin da ya faru tsakanin 2000 da 2017 ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Calais gari ne na tashar jiragen ruwa a arewacin Faransa, yana fuskantar Dover ta Ingila, mutanensa ba su kai dubu ɗari ba, kuma masana'antun saƙar leshi da suka yi masa suna sun daɗe da soma durƙushewa. Ƙungiyar ta samo asali ne daga Racing Club de Calais da aka kafa a 1902, wadda ta haɗe da wata ƙungiyar garin a 1974 aka sami Calais Racing Union. 'Yan wasanta na shekarar 2000 ma'aikata ne kamar kowa, akwai masu aikin ofis da masu kula da matasa da ma'aikatan sito, suna tashi daga aiki da yamma su wuce atisaye a tsohon filinsu na Julien-Denis. Sukan sami ɗan alawus idan an yi nasara, amma abincin gidajensu daga wani aikin yake fitowa.

Da waɗannan mutane koci Ladislas Lozano ya fitar da Lille da Cannes, dukansu na rukuni na biyu, a bugun fenariti, sannan ya doke Strasbourg ta rukunin farko da ci 2-1. Filinsu ya yi ƙanƙanta, sai aka kai manyan wasannin garin Lens, kuma a can suka haɗu da Bordeaux a wasan kusa da na ƙarshe. Bordeaux ce ke riƙe da kofin lig na Faransa a lokacin, tana da 'yan wasa irin su Christophe Dugarry, wanda ya ɗauki Kofin Duniya a 1998. An yi minti 90 babu ci, kuma duk wanda ya san ƙwallo zai ce a ƙarin lokaci ne numfashin ɗan dagaji ke ƙarewa, tunda abokin karawarsa ba shi da wata sana'a sai motsa jiki. Amma a ƙarin lokacin ne Calais ta zura ƙwallo uku, aka tashi 3-1, kuma a daren sai da aka kwantar da Lozano a asibiti. A wasan ƙarshe Jérôme Dutitre ne ya fara ci wa Calais kafin hutun rabin lokaci, Antoine Sibierski ya farke, sannan ya ƙara ta biyu da fenariti a minti na 90, fenaritin da har yau mutanen garin ba su yarda da shi ba.

Abin da ake saurin mantawa shi ne gasar kofi da gasar lig ba abu ɗaya suke aunawa ba. A kofi, mutum goma sha ɗaya da suka san juna tun suna yara, garinsu na bayansu, za su iya riƙe gwanaye na tsawon awa biyu. Lig kuwa wata tara ne na tafiya daga wannan kusurwar ƙasa zuwa waccan, da kuɗin mota da masauki da magani da albashin waɗanda za su maye gurbin masu rauni, kuma ba da ƙarfin zuciya ake biyan waɗannan ba. Wata ƙaramar ƙungiyar Faransa, Les Herbiers, ta nuna haka a 2018, lokacin da ta buga wasan ƙarshe da Paris Saint-Germain, sannan cikin kwana uku ta faɗo daga rukuni na uku.

Calais ta hau rukuni na uku a 2001, Lozano ya tafi Wydad ta Maroko, ƙungiyar ta faɗo bayan kaka ɗaya. Ta sake hawa a 2007, kuma a 2008 aka buɗe mata sabon fili mai ɗaukar mutum kimanin 12,000, aka raɗa masa suna Stade de l'Épopée don tunawa da bajintar 2000. A ƙarshen wannan kakar ta sake faɗowa, sai hukumar da ke binciken asusun ƙungiyoyin Faransa, DNCG, ta ƙara tura ta ƙasa zuwa rukuni na biyar saboda halin da kuɗinta ke ciki. Ta zo ta ɗaya a rukuninta a 2010, ta maimaita a 2011, kuma duka sau biyun aka hana ta hawa saboda dalili ɗaya. 'Yan wasan sun yi nasu a fili, takardun ofis suka mayar da su baya. Daga nan aka yi ta jan ƙafa har zuwa Satumbar 2017, lokacin da kotu ta rufe ta.

Na san akwai masu cewa ba laifi ba ne ƙungiya ta nemi girma, kuma da ƙaramin bai taɓa ɗaga kai ba da babu labarin 2000 ɗin ma. Wannan gaskiya ne, kuma ba na cikin masu son ƙananan ƙungiyoyi su dawwama a ƙasa don manya su riƙa yaba musu tawali'u. Quevilly, wadda ta kai wasan ƙarshe a 2012, ta haɗa ƙarfi da maƙwabtanta na Rouen har ta kai rukuni na biyu a 2017. Inda na rabu da su shi ne a kan ma'aunin da ake yanke shawara da shi. Dubban mutanen da suka bi Calais zuwa Lens da Paris sun je ganin abin da ba ya faruwa sai sau ɗaya a rayuwa, kuma kuskure ne a yi kasafin kuɗi ko a auna girman fili da su, alhali waɗanda za su zo wasan lig cikin sanyin Janairu su ne ainihin jarin ƙungiya. Haka ma ban yarda da masu zargin DNCG da rashin tausayi ba, domin ƙungiyar da ta hau rukuni da kuɗin da ba ta da shi ta zalunci wadda ta tsaya iya ƙarfinta ta zo ta biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda ke ɗaukar asarar idan irin wannan ƙungiya ta rushe. Babban ɗan wasa zai sami wata ƙungiyar a garin gaba, koci ma haka. Yaron ɗan shekara goma da ke zuwa atisaye ranar Laraba, da dattijon da ya yi shekaru yana zana layin fili da farin fenti ba tare da ana biyansa ba, da iyayen da ke kwasar yara a motocinsu zuwa wasan waje, su ne za su wayi gari babu rigar da suka yi wa hidima, kuma babu wanda ya tambaye su ranar da aka sa hannu a kan kwantiragin da ya fi ƙarfin asusu. Shugabannin ƙungiyar 'yan dagaji amana suke riƙe wa waɗannan mutane, kuma sunan da ya kai shekara 115 a gari ba nasu ba ne da za su yi caca da shi.

A 2023 wasu ƙungiyoyi biyu na garin sun haɗe sun farfaɗo da tsohon sunan Racing Club de Calais, kuma a Stade de l'Épopée suke karɓar baƙi. Ina fatan duk lokacin da shugabanninta suka zauna yin kasafin kaka, za su ƙidaya mutanen da suka sayi tikiti a makon da ya wuce, su bar kujerun da ba kowa a kansu su jira.