Wai shi dillali ne kawai

Tun jiya nake ganin masu kare yaron nan da ya saka tallan lambobin wayar mutane jiha-jiha, na mata daban na 'yan fansho daban, wai a bar shi ya nemi halak ɗinsa, ai dillali ne kawai, haɗa mai saye da mai sayarwa yake ya karɓi la'adarsa. Sannunku da hankali. Wato wanda ya zauna ya tace, ya ware tsofaffi gefe, ya saka musu farashi na musamman, shi ne wanda bai san komai ba ko?

Sana'ar nan fa ba yau aka fara ba kuma ba a nan aka fara ba, a Amurka ta girma tun zamanin da talla ke zuwa ta gidan waya a ambulan. Mujalla ko kamfanin sayar da kaya ko ƙungiyar agaji suna da sunaye da adireshin abokan hulɗarsu, sai su ba wani wakili ya riƙa tallata jerin, shi kuma mai son aika wasiƙun talla sai ya je wurin dillali ya ce nemo min irin mutane kaza. Ba ma sayarwa ake ba, haya ake bayarwa, amfani sau ɗaya, kuɗin kuma kan kowane suna dubu ake yanka shi, dillali a al'adarsu kashi 20 cikin 100 yake ɗauka. Kuma ku ji wayo, masu jerin suna cusa sunayen bogi a cikin jerin masu adireshin mutanensu, idan ka sake amfani da shi karo na biyu ba ka biya ba wasiƙar za ta faɗa hannunsu su kama ka. Kun ga in dai kuɗinsu ne sun iya sa ido. Sannan bisa tsarin sana'ar sai an ga samfurin wasiƙar da za a aika kafin a saki jerin. To wasiƙar ta bi ta hannunka, ka san waɗanda za a aika wa don kai ka zaɓo su, a ina rashin sanin ya shigo?

Dillali shi ne wanda ya fi kowa sani, shikenan maganata. Mai jerin bai san mai haya ba, mai haya bai san mutanen ba, na tsakiya ne kaɗai ke ganin ɓangaren biyu. Ko a kara idan aka kama saniyar sata dillalin ake fara riƙewa, ba wanda yake cewa a kyale shi ai igiya kawai ya riƙe.

Mai ganin zafin kai ne ya je ya duba abin da ya faru da Epsilon, wani kamfanin Amurka mai cinikin bayanan mutane. A 2021 suka amince za su biya dala miliyan 150 bayan ma'aikatar shari'a ta Amurka ta kama su, saboda daga 2008 zuwa 2017 sun sayar da bayanan mutum sama da miliyan 30 ga 'yan damfara, masu aika wasiƙar ka ci caca turo kuɗin fito da ita, da masu cewa sun duba maka taurari arziki na tafe. Yawancin waɗanda aka cuta tsofaffi ne. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kwamfutarsu ce ke zaƙulo wanda ya fi saurin yarda, wanda ya taɓa turawa sau ɗaya shi ne kaya mai tsada, kuma ma'aikatan sun ci gaba da ciniki ko bayan sun ji an kama wasu daga cikin kwastomomin. A 2024 kotu a Colorado ta samu biyu daga cikin tsofaffin ma'aikatan da laifi, ɗaya shekara 10 aka ba shi. Tun 2007 ma jaridar New York Times ta fallasa yadda wani kamfanin sayar da jerin sunaye, infoUSA, ke tallata jerin tsofaffi miliyan 4.7 masu fama da ciwon daji ko ciwon mantuwa. Don Allah wa zai nemi sunayen masu ciwon mantuwa da alheri a ransa? Wallahi idan na tuna iyayenmu da in waya ta yi ƙara suke amsawa da sallama da ladabi su saurari kowa, sai jikina ya yi sanyi.

Na san za a ce ai akwai na kirki, ƙungiyoyin agaji ma da hayar jerin suke samun masu taimako. Na ji, Allah ya ba su lada, ba su nake magana ba. Wani kuma ya ce min babu aikin yi a ƙasa. To ɗan fanshon da za a kwashe wa asusu shi aikin gwamna yake? Masu cewa lamba ce kawai ba BVN ba, ai da lambar ake fara kiran, sauran da bakinsa zai bayar.

Kuma doka na nan, tun 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanai a Najeriya, ga hukumar kare bayanan, NDPC, amma a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani shafi yana sayar da bayanan NIN ɗin mutane kan naira 100. Naira ɗari Malam, ko kwai ɗaya ba za ta saya ba. Saƙonnin talla kuma a tura STOP zuwa 2442, yana ragewa, amma lambarka da ta riga ta shiga jerin wani ta shiga kenan.

Af, ku kuma masu turo link ɗin tallafi a group ɗin dangi da asuba, wai cike suna da lamba da ranar haihuwa ka tura wa mutum goma, Kawu da kai nake, duk wanda ya ƙara sai na sa admin ya cire shi ko da shi ya buɗe group ɗin.