Zogalen kanti da na tsakar gida

A wani kantin kayan lafiya a nan Ingila na tarar da garin zogale cikin 'yar kwalba, an rubuta mata "antioksidan" da manyan baƙaƙe. Kuɗinta zai ishi gidanmu kwaɗo na kwanaki. Nan take na tuna Inna zaune kan tabarma tana tsinke ganyen a faifai, ga ƙuli-ƙuli a turmi, ga albasa da tumatir a gefe.

Abin da suka rubuta yana da tushe. Ganyen zogale na ɗauke da bitamin C da sinadarai irin su kwasetin da kamferol, masu tare ɓarnar da iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin jiki, kwatankwacin yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Irin waɗannan sinadarai ake kira antioksidan. A ɗakin gwaji akan jiƙa ganye, a tace, a ɗiga ruwan cikin wani sinadari mai launin shuni da ake kira DPPH. In ya dusashe ya koma ruwan ɗorawa, ganyen na da ƙarfi ke nan. Shuwaka da ganyen darbejiya ma suna cin wannan gwaji.

Sai dai kwalbar gwaji ba ta da hanji, ba ta da hanta. Shi ya sa a 2012 ma'aikatar noma ta Amurka ta janye jadawalin da take auna ƙarfin antioksidan na abinci, domin alƙaluman ba su nuna abin da ke faruwa a jikin mutum ba, 'yan kasuwa kuma suna ta talla da su.

Bature dai kuɗinsa kawai zai yi asara, likitansa na nan. Abin da ke damuna gida ne. Mai magani ya kafa lasifika a tasha yana cewa garin ganye na kawar da ciwon sukari da hawan jini, har yana jingina da "binciken Turawa". Wani kawuna ya ajiye ƙwayoyin hawan jininsa saboda irin wannan magana, sai da aka kwantar da shi.

Da muka yi waya da Inna na ce mata ta ci gaba da shanya zogalen a inuwa, kada ta bari ya daɗe a wuta, don rana da zafi na cinye bitamin ɗin. Ta ce tun kakarta haka ake yi, in ba haka ba ganyen ya yi fari.