Baitin tunkiya

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu ta kiɗa, in ba a ƙirga yaron da ke ɗaukar mana sifika ba. Ni ne mai rubuta baiti kuma mai jan waƙa, akwai mai fiyano, akwai mai kalangu, sai 'yar amshi, wadda tsakani da Allah don muryarta ake kiran mu biki. Sana'armu waƙar amare. A turo mana sunan amarya da na ango da na ƙawaye, mu hau wani situdiyo a Zoo Road mu ce amarya ta yi kyau, ango ya yi dace, maƙiya sai haƙuri. Gobe a cire suna a sa wani. Ana samun na cefane, amma ko mai shayin ƙasan benen bai haddace baitinmu ɗaya ba.

Mai kalangu ne ya jajibo mana fitinar. Mutum ne da ba ya barci, kullum yana YouTube da datar dare. Wata rana an ɗauke wuta, muna jiran yaro ya kawo man janareto, sai ya gyara zama ya ce, "Oga, ka san abin da ya hana mu yin suna? Zaman lafiya ne ya yi mana yawa."

Ya kwashe labarin wata ƙungiyar kiɗan Turawa mai suna Fleetwood Mac ya ba ni. Su biyar ne, maza uku mata biyu. A 1976 suka shiga situdiyo a garin Sausalito da ke jihar Kalifoniya, kowa da wuta a gidansa. John McVie da matarsa Christine aurensu na shekara takwas ya mutu, ba sa magana sai ta aiki. Lindsey Buckingham da budurwarsa Stevie Nicks sun rabu. Shi ma mai gangarsu, Mick Fleetwood, aurensa na tangal-tangal. Maimakon kowa ya kama gabansa, sai suka zauna suna rubuta wa juna habaici. Buckingham ya yi wa Nicks waƙar sallama, akwai layin da ya ɓata mata rai ta ce ya cire, ya ce ko wasali ba zai taɓa ba, kuma ita ce ta yi ta yi masa amshinta a gaban jama'a shekara da shekaru. Ita ma ta rama da tata. Faifan, Rumours, ya fito a 1977, ya ci kyautar Grammy a 1978, an sayar da fiye da miliyan 40.

Abin da ya fi ba mai kalangu dariya na Christine ne. Ta rubuta waƙar soyayya a kan sabon saurayinta, mai kula da fitilun ƙungiyar, kuma tsohon mijin ne zai kaɗa mata jita a kai. Don kada a yi tashin hankali ta ce masa ai karenta ta yi wa. Na yi dariya har da ƙwalla, na ajiye wannan dabara a bayan kunne ban san ranarta na zuwa ba.

To, ashe mu ma muna da namu a gida. Mai fiyano ya daɗe yana neman 'yar amshi, har an kai kuɗin gaisuwa. Sai maganar lefe ta tsaya. Ya ce bayan ƙaramar Sallah, ya koma bayan babba, ya koma in kaka ta yi, alhali ko tukunyar fulawa bai taɓa shukawa ba. Ranta ya ɓaci, suka daina magana. A ɗakin da bai fi taku huɗu ba sai ta ce, "Oga, gaya masa ya rage sauri." Shi kuma ya ce, "Oga, gaya mata ita ce take jan ƙafa." Ni ina tsakiya ina kai saƙo, mai kalangu yana ƙifta mini ido yana nuna su da haɓa.

Daren nan na zauna na rubuta. Baitin farko na mace ne: mai alkawarin bayan Sallah, Sallah nawa ta wuce, akwati shida a baki, ko ɗankwali ban gani ba. Da safe na miƙa mata takardar ban ce komai ba. Ta karanta, ta kalli ƙeyar mai fiyano, ta ɗaura abin kunne ta shiga. Furodusa, wanda ya saba mayar da ita sau ba adadi, bai ce a sake ba ko sau ɗaya. Mai fiyano kuwa tun da nake da shi ban taɓa jin ya kaɗa haka ba. Haƙoransa a cije, jijiyar wuyansa a tashe, yatsunsa na dukan madannan har teburin na rawa, kiɗan kuma yana fita da daɗin da ban san yana da shi ba.

Washegari ya zo da nasa baitin a bayan takardar magani. Mai waya biyu, ɗaya ta talaka ɗaya ta mai mota. Shi ba murya gare shi ba, don haka ni na rera, ita kuma ta yi amshi, tana cewa "haka ne" da muryar da kowa ya ji ya san ba haka ba ne.

Na ga waƙar ta cika zafi, na ce bari in sa mata ɗan sanyi a ƙarshe. Na ƙara baiti na uku: fara mai baƙin ido, in na dawo ke nake fara nema, ki ci kafin in ci, kukanki ke hana ni barci. Wallahi ba kowa a raina. Amsa-amo nake bi kawai.

Ba mu ma gama shawarar yadda za mu sake ta ba, yaron furodusa ya kai wa 'yan dawunlodin na Farm Centre. Daga nan sai TikTok. Ranar da na ji ta a cikin adaidaita sahu wajen Ƙofar Nassarawa, direban na bin baitin akwati yana buga kan sitiyari, na ba shi kuɗi na ce ya riƙe canji, abin da ban taɓa yi ba.

Ba a jima ba waya ta fara ringin. Na farko telana ne. Ya ce, "Malam, in don shaddarka ce da sai ka zo ka same ni, ba sai ka kai ni rediyo ba. Mai alkawarin bayan Sallah ni ne ko?" Na rantse masa, ya ce in zo in kwashi yadina. Sai wani mai neman kansila ya aiko yaransa su ji ko 'yan adawa ne suka biya ni, tunda shi ma ya yi alkawarin rijiyar burtsatse bayan Sallah. Wata maƙwabciyarmu ta daina amsa gaisuwata saboda 'yarta na da waya biyu. Ƙanin matata, wanda nake bi bashi, ya turo rabin kuɗin ba ko sallama. Wannan kaɗai ce ribar da na ci a waƙar. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ashe rabin Kano da kaza suke yawo.

Ba wai habaici baƙo ne a wurinmu ba. Makaɗan fada sun daɗe suna yi wa abokan hamayyar ubangidansu zambo, kishiyoyi kuma a bakin turmi suke aika saƙo. Sai dai wanda ake yi wa zambon a fada ba shi ne ke riƙe wa makaɗin kotso ba. Kuma su Buckingham, iyakar abin da na karanta, babu kawun da ya aika a kira su.

Ni an aiko. Kawun 'yar amshi ne, a wani zaure cikin gari, bayan la'asar. Na tarar da dattawa daga ɓangarorin biyu a kan darduma, mai fiyano a rakuɓe kusa da takalma, wayar wani jika a tsakiya an jingina ta da buta. Na durƙusa na kwashi gaisuwa. Kawu ya ce wa jikan, "Kunna."

Baiti-baiti aka bi ta. Da aka zo kan akwati shida ya ɗaga hannu aka tsayar.

"Yaro, wa ya ce maka shida? Mu huɗu muka ce. Ka sa gari na cewa mu masu kwaɗayi ne."

"Allah ya ƙara girma, Baba, shida ce ta hau kiɗan."

Baffan mai fiyano ya yi caraf ya ce, "Af, huɗu ne? Mu ai shida aka gaya mana." Duk suka juya suka kalli mai fiyano, shi kuma ya sunkuya yana gyara takalman mutane.

Na ga ƙofa ta buɗe, na ce bari in wayar da kan dattawa. Na ce, "Baba, ai abin nan ilimi ne. A Amurka akwai wasu mawaƙa, miji da mata da saurayi da budurwa, da suka ɓata sai suka mayar da faɗan waƙa."

"Ba su da iyaye ne?"

"Suna da su, Baba. Amma sun sayar da faifai miliyan 40."

"Kai nawa ka sayar?"

Na ce 'yan dawunlodin ne suka sayar. Ya tambaya ko sun ba ni wani abu. Na ce tukuna. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa jikan ya ci gaba.

Kan waya biyu an kusa tashi baram-baram, sai da aka aika ciki aka tabbatar ɗayar ta gyatumarta ce, tana riƙe mata ne saboda tsohuwar ba ta iya duba alat ba. Kafin magariba an daidaita a kan akwati huɗu, an sa rana, an yi fatiha. Ni aka yanke wa kawo goro da alawa, da waƙar biki kyauta, sunan kowace gwaggo a ciki, kuma kawu zai saurara kafin a fitar. A bakin ƙofa mai fiyano ya riƙe hannuna ya ce, "Oga, na gode. Amma ka fara neman wata 'yar amshin, in ta tare ba za ta ƙara zuwa biki ba." Mai kalangu, wanda ya ƙi shiga zauren ya tsaya wurin mai rake, ya ce ai su ma Turawan daga baya sun watse.

Baiti na uku babu wanda ya tanka shi a zauren, na ɗauka na sha. A gida na tarar da uwargida zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, wayarta a kan kujera 'yar tsugune, baitin na ta maimaita kansa. Ita baƙa ce, kyakkyawa, kuma ta san ni na san baƙa ce.

"Baban yara, sannu da zuwa. Wace ce fara?"

Idona ya faɗa kan turke. Tunkiyar da nake kiwo tana tsaye tana tuƙa, fara fat, da baƙi zagaye da idanunta. Allah ya jiƙan Christine McVie.

"Haba, ke kuwa. Ga ta can. Tunkiya ce."

"Tunkiya."

"Duba baitin mana. In na dawo wa nake fara dubawa? Wa nake zuba wa dusa kafin in ci tuwo? Kukan wa ke hana mu barci?"

Ta kalli tunkiyar, ta kalle ni, ta sake kunna baitin tana bin sa layi-layi, tunkiyar kuma don neman suna ta yi kuka daidai wurin. Na ji gumi ya fara tsayawa.

"To, Alhamdulillahi," in ji ta, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. "Ni dama ba na zaman kishi da dabba. Gobe ka kira mahauci. Sunan ƙanwata jibi ne, kuma ba su sami rago ba."