Taron Tsintsiya Babu Shara: Nasiha Ga Matasanmu Masu Binciken Sinadarai

A makon jiya aka ajiye a gabana takardun wani matashin malami da ke neman ƙarin girma, ya jera maƙaloli sama da 30 cikin shekara uku, yawancinsu a kan katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Da farko na yi murna, domin yaro ne mai ladabi. Sai na ɗauki maƙala ɗaya na tambaye shi aikin da ƙarfen da ke tsakiyar sinadarin yake yi, ya yi shiru, daga baya ya ce abokinsa ne ya yi wannan ɓangaren, shi sunansa kawai aka sa.

Ƙannena, wannan ɗabi'a ta ƙirga maƙala kamar ana ƙirga buhunan gero ita ce take cinye mu. Gwaji ɗaya za a yi, a yanyanka shi gida biyar, a sauya take, a sauya jerin sunaye, yau ka sa ni gobe in sa ka, sannan a biya kuɗi ga mujallar da ba ta da mai tantancewa ta buga cikin mako guda. Taron tsintsiya ke nan babu shara.

Ku dubi Yves Chauvin, wanda ya yi aiki a Cibiyar Man Fetur ta Faransa tun daga 1960, kuma bai taɓa yin digirin digirgir ba. Masana'antu sun daɗe suna ganin yadda wasu sinadarai da ƙwayoyin kabon ɗinsu ke riƙe da juna da haɗi biyu ke musayar sassansu idan aka sa musu wani ƙarfe, amma babu wanda ya san yadda abin ke faruwa. A 1971 shi da ɗalibinsa Jean-Louis Hérisson suka buga maƙala da Faransanci suka bayyana cewa ƙarfen ne ke riƙe kabon da haɗi biyu, ya rungumi ɗayan sinadarin su yi zobe mai kusurwa huɗu, sannan zoben ya tsinke ta wani gefen, kowa ya tafi da sabon abokin haɗi. Shekaru suka shuɗe ba a kula da maƙalar sosai ba. A kan wannan bayani ne Richard Schrock ya gina katalis ɗinsa na ƙarfen molibdenum a 1990, Robert Grubbs kuma ya fito da na ƙarfen ruteniyum a 1992, har su ukun suka raba kyautar Nobel a 2005. Yau ana amfani da hanyar wajen haɗa magunguna da robobi. Da Chauvin ya zo gaban irin kwamitocinmu da wannan maƙala tasa, ina tsoron da maki ɗaya za mu ba ta, daidai da wadda aka kwafo daga intanet.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai gaggawar cika lissafi ba ya tsayawa idan gwaji ya bijire masa. A 1953 a Mülheim ta Jamus, mutanen masanin sinadarai Karl Ziegler suna sa ran samun dogayen sarƙoƙin kabon daga iskar etilin, sai suka samu gajeren sinadarin butin. Ba su goge sakamakon ba, suka bi sawu har suka gano ɗan ɓurɓushin nikel ne a tukunyar gwajin ya jawo haka. Daga nan suka shiga gwada sauran ƙarafa ɗaya bayan ɗaya har suka iso kan titaniyum, wanda ya ba da robar da ake ƙera jarkoki da ita ba tare da matsanancin matsin iska ba. Ziegler ya karɓi Nobel a 1963 tare da Giulio Natta na Italiya. Namu kuwa, da ya ga lambar da ba ta yi masa daɗi ba, sai ya gyara ta a kwamfuta, ya manta ramin ƙarya ƙurarre ne. Ban ma taɓo manyan da ke tilasta wa ɗalibi sa sunansu a aikin da ko ƙofar ɗakin gwajin ba su leƙa ba, ko masu ɗora hoton shafin farko a Facebook ana ta yi musu barka alhali su kansu ba su karanta shafi na biyu ba.

Na san kayan aiki sun yi ƙaranci, wuta ba ta tsayawa, kuma tsarin ƙarin girma lamba yake tambaya. Duk da haka ku rage hanzari, ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke sa wa hannu, domin an ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Malaman da suka koyar da mu suna iya shekara biyu a kan sinadari guda, littafin gwajinsu duk tabon asid, kuma idan ka tambayi ɗayansu abin da ya rubuta shekara ashirin baya, zai ɗauki alli ya zana maka shi a allo ba tare da ya duba takarda ba. Da na mayar wa matashin nan takardunsa, abin da ya tambaye ni shi ne saura maƙala nawa ya cika adadin.